Azumin Da Ya Kwashe Mana Tsofaffi

A azumin shekarar korona, wata Laraba da hantsi, ina tsugune a tsakar gidanmu a Azare ina wanke geron kunu, sai salati ya tashi a maƙwabta. Shekarata goma sha uku a lokacin. Kakata Dada, mahaifiyar babanmu, tana gindin darbejiya tana tsinke zogale. Ko tambayar wanda ya rasu ba ta yi ba. Ta karkaɗe zani ta ce, "Hauwa, miƙo min mayafina da ƙwaryar nan." Ita ce unguwarzomar unguwarmu, ita ce kuma mai wanke gawar mata.

Da aka rufe makarantu murna muka yi. Mu ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa, mu dama wa awaki dusa, sauran yinin kuwa na carafke ne da 'yar gala-gala a bakin zaure. A nan tsofaffin layinmu ke shimfiɗa tabarma, ana ɗinkin hula ana musu a kan damina. Malam Buba, aminin marigayi kakanmu, ba ya bari in wuce sai ya tsokane ni: "Amarya, yau ma tuwon naki da gudaji?" Shi ya fara tafiya. Tari, zazzaɓi, numfashi sama-sama, kafin mako ya zagayo an kai shi. Daga nan makara ba ta ƙara hutawa ba. Maza su dawo daga maƙabarta, ba su gama wanke ƙafa ba a sake kiransu. Kuma duk manya ne, masu furfura. A rediyo muna jin ana cewa zafi ne da wahalar azumi. Dada ta yi tsaki ta ce, "Yau aka fara zafi a Katagum?"

Babanmu ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana roƙo. "Dada, ki yi wa Allah ki zauna a gida, ciwon nan ɗaukarsa ake yi." Ta ce, "In na zauna, wa zai yi musu sutura? Da hannuna na karɓi haihuwar 'ya'yansu." Haka ta ci gaba da fita, har ranar da ta dawo ta kasa shan kunun buɗe-baki. Bayan 'yan kwanaki aka sa ta a keke-napep za a kai ta asibiti, ta cika a hanya, kanta a cinyar Umma, mahaifiyarmu.

Abin da har yau ke ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Aka shiga gida-gida neman tsohuwar da za ta wanke ta, ba a samu ba. Wadda ba ta rasu ba tana kwance. Matar da ta yi wa matan unguwa sutura ta rasa mai yi mata. Umma, da ba ta taɓa taɓa gawa ba, ita ta shiga da wata maƙwabciya, liman yana tsaye a bayan zana yana faɗa musu yadda ake yi. Tun daga ranar, duk macen da ta rasu a layinmu Umma ake kira, alhali ko furfura ba ta fara ba.

Yanzu in na dawo hutu daga kwaleji, yara ne cike da layin. Kusan duk waɗanda aka haifa bayan wancan azumi sunan mamaci suka ci, shi ya sa in ka ce "Abba" ko "Ummi" sai ka ga kawuna sun waiwayo ta ko'ina. Babu mai yi musu tatsuniya, babu mai tsokanarsu. Har yau kuma babu wanda ya zo ya tambaye mu mutum nawa muka binne. Sunayen sun dawo, amma masu su ƙasa ta rufe.