Ƙarfen da Inna Ta Sa Mini a Ƙafa

Ranar wata Talata ce, mako guda bayan an gama yankan gero, a shekarar da na yi famfarar haƙoran gaba. Inna ta cuɗe ni da soso kamar tana wanke tukunyar miya, ta shafa mini man shanu a idon sawun hagu, inda munduwar baƙin ƙarfe da ke ƙafata ta matse har ta fara cin nama, muka taka daga ƙauyenmu zuwa Dosara muka hau motar kasuwar Mafara. Wurin maƙeri za ta kai ni ya buɗa ƙarfen. Motar wata tsohuwar akori-kura ce, mu mata da yara da buhuna da awaki a baya, gaba kuwa kusa da direba wani alhaji mai sayen gyaɗa ne da malamin firamare mai agogo. Ba mu yi nisa ba sai ga shinge: gangunan mai biyu, katako mai ƙusoshi, da maza cikin kaki, ɗaya yana ta tsotsar rake yana tofar da tuka a kan titi. Mai sandan cikinsu ya zagayo bayan mota. Na lura bai dubi fuskar kowa ba, ƙasa yake kallo. Ya nuna wata tsohuwa mai kaushi, ya nuna wata Bafulatana mai nono, ni kuma na motsa ƙafa, 'yan zobban jikin munduwar suka yi ƙara, sai ya ce mu ma mu sauko. Alhajin gaba ko gilashi bai sauke ba.

Aka zazzage mana kaya a bakin hanya. Ya soka sanda cikin daddawar da Inna ta kwana uku tana yi, ya kwance ƙullin kukarta, ya shinshina, kamar mai shirin yi mana miya. Da bai samu abin da shi kansa bai san yana nema ba, sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙafata da bakin sanda, daidai kan gyambon, ya ce, "Wagga fa, ɗiya ce ko akuya?" Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗiya ce. Ita ɗai mutuwa ta rage min. In kai ma so kake, sai ka bi layi bayanta." Mai raken ya fashe da dariya, direba ya yi ta danna oda. Da muka koma mota tana ɗaure ƙullinta, ta ce mini abin da har yau ban manta ba: "Masu tsare hanya ba su duban fuska, ƙafa suke dubawa. Mai faso shi ka sauka."

Ni 'yar wabi ce. Kafin ni Inna ta haifi 'ya'ya huɗu, babu wanda ya kai yaye. Da na zo, tsofaffin gidanmu suka yi abin da aka saba: aka ɗauke ni aka ajiye a kan juji kamar ba a so na, sannan wata gwaggona ta tsince ni ta maido, shi ya sa duk ƙasar Maradun ba wanda ya san ni da Hauwa'u, Ajuji ake ce mini. Ranar da na cika kwana arba'in maƙeri ya ƙera munduwar, ya rufe bakinta a ƙafata, wai don a ɗaure ni a duniya kada in bi 'yan'uwana. Ba ta da makulli, ba ta da mabuɗi. In na girma ta matse, sai a koma maƙera. Ranar nan ta shinge ma haka aka yi. Maƙerin, wani dattijo mai ido ɗaya a bayan 'yan tukwane, ya ɗora ƙafata kan gungume, ya cusa tsumma tsakanin ƙarfe da fata, ya kama da awartaki biyu ya buɗa a hankali, ya ƙara wani guntu, ya daddaka da ƙaramar guduma. Inna ta riƙe kaina a ƙirjinta tana karanta duk abin da ta iya. Ba ta yarda a cire shi gaba ɗaya ko na ƙiftawar ido, don a ganinta nan ne za a samu kafar sace ni.

Ƙarfen nan ya hana ni abubuwa da yawa. In muna wasan ɓuya a bayan rumbuna, ni ake fara kamawa, ko numfashi na yi sai ya tona ni. In yara sun tafi satar mangwaro a garkar wani tsoho mai masifa, ba su zuwa da ni, wai ina tafe da sanarwa. Amma a gaɗa ba a kama ƙafata, in na buga ƙasa a dandali har kalangu sai ya saurara. A fadama ma ni ce gwanar korar tsuntsaye, in janbaki suka sauko wa shinkafar Baba sai in hau rumfar kara in yi ta tsalle, ni ce gwangwani ni ce mai kaɗawa. Inna kuwa da kunne take kiwona. Tana surfe, tana tankaɗe, tana dama fura, kunnenta na kan ƙarar nan. In ta ji shiru ya yi yawa sai ta yar da taɓarya ta fito zani a hannu tana kiran Ajuji har makwabta su leƙo. Sau ɗaya na cusa auduga cikin zobban don in je gulbi wanka da ƙawayena. Da na dawo na tarar ta zagaye rijiyoyin gari tana leƙawa. Ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi, zama ta yi a bakin murhu ta kasa haɗiye tuwo.

Makaranta ma dalilinsa ne ban shiga ba. Firamaren tana can nesa, inda kunnen Inna ba ya kaiwa. Iyakata bakin dangar makarantar ranar da Inna ta raka ni tallan dafaffen dankali, ina jin suna rera ɗaya da ɗaya biyu ina bi a zuci, har malami ya leƙo ta taga ya ce mai ƙararrawar nan ta matsa. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na zauna a benci a ajin manya a Mafara, na riƙe fensir kamar muciya, na koyi rubuta Hauwa'u da hannuna. Na yi Islamiyya kuma, na sani sarai ƙarfe ba ya rayawa ba ya kashewa, Allah ne ya bar ni. Malamarmu ta sha yi mini wa'azi a kansa, na ce mata na ji. Amma buɗawar ƙarshe da aka yi masa, ana gobe za a kai ni gidan miji a Bakura, Inna ce ta riƙe mini ƙafa da hannunta. Da ta rasu ba ta bar mini gona ba, ba ta bar hoto ba. Shi ne kawai abin da ta taɓa wanda har yanzu yake taɓa ni.

To, bara sai ga tafiya ta kama ni. Autata Maryam, wadda ke aikin jinya a ƙasar Turawa, ta yi ɓari har sau biyu, na uku ya zo bai yi kuka ba. Wannan karon cikin ya tsaya, likitoci suka sa ranar da za su yi mata aiki su ciro, ta bugo waya tana kuka ta ce ba za ta shiga ɗakin nan ba sai ina kusa. Mijinta ya turo tikiti. Babban ɗana Sani ya raka ni filin jirgi, ya duba takardar shiga jirgin da aka ba ni, ya ga wata alama a gefe, ya ce, "Inna, an zaɓe ki za a ƙara bincikar ki. Kada ki damu, kwamfuta ce ke yin ƙuri'a." Na ce masa ni da ko buhun taki ban taɓa ci a ƙuri'a ba, yau sa'a ta gan ni. Ina tsaye a layi ina kallo aka wuce da wani ƙato mai babbar riga ta wata ƙofar gefe, masu kakin suna sara masa, yaransa na jan akwatuna kamar za a yi ƙaura. Alhajin gaban mota ne dai, jirgi kawai ya samu. Ni kuwa aka ce in cire takalmi. Na cire. Yarinyar da ke binciken ta dubi fasona, ta dubi ƙarfen, na ga irin kallon nan da na sani tun ina da wawulo. Aka buɗe jakata, aka shinshina yajin jego, aka soka tsinke cikin daddawa. Na ce a raina, ashe mai sandan nan ya bar jikoki.

Na gida duk wasa ne. A filin jirgin da ake canza jirgi, can cikin Turawa, nan aka yi ta. Ƙofar nan tasu mai gano ƙarfe ta yi kuka da na ratsa, aka ja ni gefe, aka kai ni wani ɗaki mai farin fitila babu taga. Mata biyu da safar hannu shuɗiya suka lalube ni tun daga ɗankwali har tafin ƙafa, suka kwance mini kitso da yatsu, suka taɓa wuraren da ko ungozoma sai ta nemi izini. Ƙafata ta kumbura don zaman jirgi, ƙarfen ya nutse cikin nama kamar ranar Talatar nan. Suka ce in cire. Da ɗan Turancin da na tsinta a ajin manya na ce uwata ce ta sa, ba ya fita. Suka kira wani, ya zo ya tsuguna, ya juya shi yana neman mabuɗi. Shi ma ya kira wani. Manyan mutane da albashi, sun kewaye ƙafar tsohuwa suna shawara, kamar sun tono abin da zai tashi duniya. Agogon bango yana tafiya, na iya karanta shi, na kuma san lokacin da ke jikin takardata. In jirgin nan ya tashi babu ni, wani sai gobe, Maryam kuwa da safe za a shiga da ita.

Nan na zauna na yi lissafin da ban taɓa yi ba. Inna ta sa ƙarfen nan ne don ɗiyarta ta tsaya. In cire shi ne zai kai ni wurin tawa ɗiyar, ita da kanta za ta miƙa musu awartaki. Na ɗora ƙafata kan kujerarsu, na yi musu alamar almakashi da yatsu, na ce da Hausa, don Turancin ya ƙare mini, "Ku yanke, 'yan banza, ku bar ni in wuce." Suka dubi juna. Wallahi duk ɗakin nan, da na'urorinsu da wayoyinsu da rigunansu masu aljihu goma, babu mai abin yanka ƙarfe. Abin da dattijo mai ido ɗaya yake yi a bayan 'yan tukwane yana taunar goro, ya gagare su. Ƙarshenta ɗaya ta goga wani ɗan ƙyalle a jikinsa, ta saka a na'ura, na'urar ta ce babu komai, abin da ni na faɗa musu tun farko kyauta. Suka ce in tafi, har da yi mini fatan sauka lafiya. Na kwashi takalmana a hannu na ruga ƙafa ba takalmi a kan tayil ɗinsu mai sanyi, zobe ɗaya da ya rage a jikin munduwar yana ƙara, Turawa suna darewa. Ni ce ta ƙarshe da ta shiga jirgin.

Da hantsi aka fito da jaririyar, tana tsala kuka kamar an ci bashinta. Na karɓe ta na buɗe tawul ina duba ta gaɓa-gaɓa yadda ake yi, sai na ga wani abu zagaye da idon sawunta, farin roba, an rufe bakinsa, ba ya fita sai an yanka. Na tambayi Maryam mene ne wannan. Ta ce da muryar wadda allura ba ta gama saki ba, "Don kada a sace ta ne, Inna. In aka nufi ƙofa da ita, ƙararrawa za ta yi ta kuka." Na yi dariya har nas ta leƙo. Wato su ma sun san tsoron. Su ma ɗaure nasu suke yi a ƙafa suna kasa kunne. Nasu na roba sunansa ilimi, na uwata na ƙarfe shi ne abin tuhuma.

Yanzu ƙauyenmu babu kowa, masu bindiga a kan babura sun tashe shi, kuma ban taɓa jin an ce ɗayansu ya cire takalmi a shinge ba. Rumbunan da nake ɓuya a bayansu sun rushe, maƙerar nan ta zama shagon cajin waya. Mutane da yawa sun taɓa ƙarfen nan, da sanda da safar roba, kowa yana neman abin da zai same ni da shi. Mutum ɗaya ce ta taɓa sauraron sa don ta tabbatar ina nan. Wani lokaci in na idar da sallar asuba a ɗakina a Mafara, gida ya yi tsit, sai in ɗan girgiza ƙafa, don ban so shirun ya yi mata yawa.