Rabin Makullin Yaya

Yayata ta yi shekara ashirin da uku a ofishin rajistar haihuwa, a wani ɗaki can ƙarshen baranda, ba taga, sai sanyi da ƙarar fankoki. A nan babbar kwamfutar take, mai ɗauke da sunan duk wanda aka haifa a garin. Ma'aikata suna kiran Yaya Mai Makulli. Mu a gida ba mu yi mamaki ba, don tun muna yara in ta rufe akwatinta sai ta ɗora zare a kan murfin, ta gane in an taɓa.

Ni tela ce, ban san kan kwamfuta ba, amma ta taɓa yi mini bayani ina cikin ɗinki. Wai a cikin na'urar akwai wani ɗan abu, bai kai farce ba, wanda duk aka kunna ta sai ya duba kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya. In komai yana yadda aka bar shi, ya buɗe bayanan. In an canza ko abu guda, ya ƙi. Daga nan ba mai buɗewa sai da wata doguwar lamba da aka raba biyu, rabi wurin shugaban ofis, rabi cikin ambulan wurin Yaya. Na ce, "Ashe kin samu 'yar'uwa a wurin aiki." Ko murmushi ba ta yi ba.

Shekarar da 'yata ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, aka ce lallai ta kai takardar haihuwa kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Tamu ta daɗe da ɓata. Ko a jikina, tunda ina da Yaya a ofishin. Ranar Laraba muka je, muka tarar da layi har bakin titi. Na'urar ta ƙi buɗewa.

Ashe ranar Talata, Yaya ta tafi cirar haƙori, wani allo ya ƙone a cikin kwamfutar. Shugaban ofis, don kada aiki ya tsaya, ya kira mai gyara daga kasuwa ya sa wani. Niyyarsa mai kyau ce, bawan Allah. Na same su a ƙofar ɗakin, yana ta sharce gumi, ita kumatunta a kumbure.

Ya ce, "Mai Makulli, don Allah kawo rabinki. Dubi jama'a."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya san abin da ke cikin allon nan? In na buɗe, sunan mutum dubu ɗari huɗu na buɗe masa. A jira masu bincike."

"Sai Litinin fa za su zo."

"To, sai Litinin."

Na ja ta gefe. Na ce, "Yaya, 'yarki ce fa, a bayanki ta girma. Minti biyar kawai, ki fitar da takarda ɗaya ki rufe."

Ta ce, "Ba a buɗe wa mutum ɗaya. In ta buɗu, ta buɗu. Makullin ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni."

Raina ya ɓaci, bakina kuwa ba shi da birki. A gaban mutane na ce mata da ita ta haifi yarinyar da ba ta yi haka ba. Yaya ba ta taɓa haihuwa ba. Ta dube ni kawai, ta shiga ɗakin ta ja ƙofa.

Ta rubuta wa makarantar wasiƙa, suka ce su takarda suka sani. Juma'a ta wuce. Ranar Litinin masu bincike suka zo suka duba allon, lafiyarsa ƙalau, ba komai a ciki. Da la'asar Yaya ta kawo mini takardar har shagona da kanta.

Na ce, "Kin gani?"

Ta ce, "Yau na gani. Ranar Laraba ban gani ba." Ta ajiye takardar a kan keken ɗinki.

Wata bakwai ban yi mata magana ba. 'Yata ta zauna shekara guda tana taya ni sa maɓalli, sannan ta shiga makarantar. Ni da Yaya muka shirya a hankali, amma maganar nan ban taɓa janye ta ba, ita ma ba ta taɓa tayar da ita ba, har ta yi ritaya.

Yanzu 'yata ce ke riƙe da makullin kabad ɗin magani a asibiti. Watan jiya ciwon baya ya kai ni can, layin ganin likita ya yi tsawo, na lallaɓa na ce ta ba ni ƙwaya biyu in tafi. Ta ce, "Mama, sai da takardar likita. Makullin nan ba nawa ba ne."

Na koma kan benci, kunya ta rufe ni. Daga nan na kira Yaya, na ba ta labari, na nemi gafarar maganar da na shekara shida ban janye ba. Can na ji ta ja hanci, ta ce, "Ke dai ki bi layi."