Hoton Malam Bawa

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, amma ranar da na cire hoton Malam Bawa daga bango ta ƙi barina. Ku da kuka fara aiki yanzu, ku saurara.

Lokacin ina sabon hedimasta a wata firamare tsakanin Gummi da Bukkuyum, kaina na hayaƙi. Ga wanda bai sani ba, idan aka canza gwamnati akan aiko wa kowace makaranta hoton sabon shugaba, hedimasta ya nemo firam ya rataya a ofis kafin masu duba makarantu su zo. Namu ya iso ranar Litinin, aka ce suna tafe Laraba. Firam kuwa sai an je Gummi, ga damina ta cinye hanya.

Firam ɗaya ne a ofishin, mai katakon maɗaci. A cikinsa akwai tsohon hoto baƙi da fari: ɗaliban kwalejin horon malamai a jere, Firayim Ministan ƙasar nan na farko a tsakiya. Na uku daga hagu, wani siririn saurayi, shi ne Malam Bawa, wanda ya koyar da ni a aji uku. Ya daɗe da ritaya, idanunsa sun kusa rufewa, amma yana da al'ada. Duk shekara, kafin 'yan aji shida su fita, yakan zo ya tsayar da su gaban hoton ya ba su tarihin mutumin.

Na ce a raina aron firam ɗin zan yi na kwana biyu. Ban tambayi kowa ba, ai ni ne hedimasta. Ashe danshin shekaru ya manne hoton da gilashi. Maimakon in dakata, sai na ja. Ɓangaren hagu ya yage, na kankare shi da reza, fuskar Malam Bawa ta zube ƙasa kamar dussa. Na tura ragowar cikin durowa, na rataya sabon hoto.

Masu dubawa suka zo, suka duba rajista, suka sha fura, suka tafi. Ko bangon ba su kalla ba.

Kullum ina cewa gobe zan je in gaya masa, kullum kunya ta hana ni. Ran nan ina cikin aiki sai na ji ƙarar sandarsa, yara na biye da shi. Ya tsaya daidai inda ya saba, ya ɗaga sanda ya nuna sabon hoton.

"Ku dubi wanga bawan Allah," in ji shi. "Malamin aji ne awa ni, da alli yaf fara. Ya riƙa ƙasag ga duka, amma da sojoji sunka kashe shi, anka duba ba a iske ya tara komi ba. Ranar da yaz zo kwalejinmu, hannu yab ba ni, yac ce in riƙe aikin ga da amana."

Yaran suka dubi mai babbar rigar da ke bango, wanda kullum suke jin sunansa a rediyo. Wata ta rufe baki, sai dariya ta ɓarke. Ba laifinsu ba ne.

Malam ya sauke sanda. "Hedimasta, mi na hwaɗi na ban dariya?"

Na sallami yaran, na durƙusa na gaya masa komai. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan kamar a aji uku. Sai ya miƙo hannu kawai. Na ba shi ragowar hoton, ya bi shi da yatsa har inda ya yage.

"Shi, shina nan?"

"Firayim Ministan yana nan, Malam. Ku ne babu."

"To, da sauƙi," ya ce. "Ni dama tahiya ni kai. Amma wa za ya gaya ma yara tarihinai, Sani?"

Ya sa hoton a aljihu ya fita. Bai sake taka makarantar ba. Na je gidansa sau uku, yana karɓata da fara'a, mu yi hirar gero da ruwan sama, bai taɓa tayar da maganar ba. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Damina ta gaba ya rasu.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, mun iya tsoron baƙon da zai yi awa ɗaya, mu taka wanda ya ba makaranta rayuwarsa. Duk abin da kuka tarar a bango, ku tambayi wanda ya rataya shi. Daga shekarar na ɗauki al'adarsa, ina tara 'yan aji shida in ba su tarihin Firayim Minista yadda ya bayar. Shi fuskarsa na cikin littattafai. Idan suka ce in nuna musu Malam Bawa ne ba ni da abin nunawa.