Duƙusar da Babu Mai Shaidar Ubanta

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da littafin asalin dawaki na wani dattijo Balarabe mai gonar dabino a hanyar Badar. Ni haifaffen unguwar Ƙurban ne a nan ƙasa mai tsarki, jikan wani mahajjaci da ya zo daga Kano bai koma ba, kuma adana takardu na karanta a jami'a, ba kiwo ba. Dattijon ya ɗauke ni ne saboda rubutuna yana karantuwa, kuma ba na goge abin da na rubuta.

Dawakinsa irin na hamada ne na dauri, ƙanana, masu faɗin goshi da juriyar ƙishi. Da yake ba su cika cin tsere ba, mutane suka yi ta haɗa su da manyan dawakin waje har irin ya kusa ƙarewa. Goɗiya tara suka rage masa, da ingarma guda. A bayan gonar akwai wani kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu wanda ya killace ya mai da shi hima, wato makiyayar da aka hana wata dabba shiga, aka kuma hana sarar itace. Idan ruwan lokacin sanyi ya sauka ciyawa ta fito, sai a sake su a ciki, ingarman a nasa ɓangaren.

Ƙa'idar gidan guda ce. Ba a shigar da ɗan doki cikin littafi sai mutum biyu sun ga barbarar da idonsu, sun sa hannu. Uwa kowa ya san ta. Uba ne yake bukatar shaida.

Wata shekara ambaliya ta kwashe shingen ciki da na waje gaba ɗaya. Kafin a gyara, ingarmanmu ya shiga cikin goɗiyoyin, aka kuma tarar da dokin tseren wani maƙwabci yana kiwo a kwarin. Bayan wata goma sha ɗaya goɗiyar da ta fi kowacce tsufa ta haifi duƙusa, mace ta farko da ta taɓa haifa, wataƙila kuma ta ƙarshe.

Dattijon ya zo ya tsaya a kaina. "Rubuta ta, ya waladi," in ji shi, wato ɗana. Na ce masa cikin ladabi babu wanda ya ga barbarar, don haka ba zan rubuta ba.

Makiyayin garken, wani tsohon Bahaushe mutumin Chadi da muke kira Baba, ya ja ni har bakin shinge.

"Ustazu, dubi kunnenta. Dubi yadda take ɗaga wutsiya. Wallahi ubanta sak."

"Baba, kunne ba ya sa hannu a takarda."

"Kai dai da littafin nan naka! Da kai aka haifa babu shaidu, da ka ƙi rubuta kanka. Halas, shi ke nan, je ka."

Har yau raina yana ɓaci idan na tuna takardun asali na ƙarya da suka bi ta hannuna daga wasu wurare, da hatimi da komai. Da irinsu ne aka kashe wannan iri, ba da yunwa ba. Idan 'yar dokin tsere ta shiga littafi da sunan ta asali, duk abin da ta haifa zai ɗauki ƙaryar, wata rana kuma a wayi gari irin yana nan a takarda amma babu shi a kwari. Idan kuwa na ƙi ta alhali ta asali ce, na yanke tsatson tsohuwar goɗiya da hannuna. Na san wannan ma.

Na tsige gashin geza har saiwarsa daga duƙusar da uwarta da ingarmanmu, na aika ɗakin gwaji. Makonni shida dattijon bai kira ni shan gahawa ba.

Sakamakon ya zo, ingarmanmu ne uban. Baba ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. "Turawan injinka sai yanzu suka ga kunnen?"

Na shigar da ita. A gurbin shaidu na rubuta cewa babu shaidar ido, an tabbatar da uban ne ta gwajin gashi, na liƙa takardar. Dattijon ya so in bar gurbin ba tare da wannan bayani ba. Na ƙi. Daga ƙarshe ya turo mini farantin dabino.

Yanzu nakan je kwarin bayan la'asar ranar Juma'a, in zauna a kan dutse in kalle ta tana kiwo a gindin itatuwan ƙaya. Ta girma, tana da ciki. Ranar barbararta ni da Baba muka tsaya cikin rana tun hantsi, ya yi ta yi mini tsiya, sannan ya dangwala yatsansa a ƙarƙashin sa hannuna.