Kibiyar Tabilet ɗin Madam

Mama ta zo wurina a Makera, nan Kaduna, bayan rasuwar Baba ne. A ƙauye babu wanda ya rage da zai kula da ita, rufin ɗakinta na yoyo, gwiwoyinta sun ƙi, ga hawan jini da ba ya son a yi masa fashin magani. Na je na ɗauko ta tana ta cewa birni ba wurin tsohuwa ba ne. Ɗakina ɗaya ne a gidan haya, keken ɗinkina ya cinye rabinsa, amma ban taɓa jin daɗin ɗakin nan kamar lokacin ba. Ina taka keke tana tsinke mini zare, tana ba ni labarin waɗanda suka mutu a ƙauye da waɗanda ya kamata su mutu suka ƙi.

Mai gidan, Madam muke ce mata. Mijinta ya yi aiki a masaƙa a Kakuri zamanin da masaƙu ke da rai, ya gina gidan, ya rasu ya bar mata shi da 'yan haya. Mace ce mai son a ga alherinta. Ko gishiri za ta ba ka, sai ta tsaya tsakar gida ta ƙwala maka kira. Da ɗanta na Legas ya zo Kirsimeti ya kawo mata tabilet, babbar wayar nan mai faɗin faranti, ya koma ya bar tsohuwar jakarsa ta goyo, irin wadda 'yan ofis ke saka kwamfuta. Madam ta kira Mama a gaban kowa ta ba ta jakar.

Mama ta ɗauki kyautar da muhimmanci. Ba mu da kabad, don haka duk abin da ta mallaka ya koma ciki: maganinta, littafin waƙoƙin coci, ɗankwalin zumuntar mata, hoton Baba. Da ita take shara, da ita take wanke-wanke, in ta shiga banɗaki ta rataye ta a ƙusa. Na yi mata tsiya har na gaji, ina ce mata 'yar firamare. Sai ta gyara igiyar a kafaɗa ta ce ai ni ba wanda ya taɓa ba ni irinta.

Ba a daɗe ba wata 'yar baƙar kibiya ta fara fitowa a fuskar tabilet ɗin Madam. Tana zaune tana kallon wa'azi sai kibiyar ta ɓullo, ta yi rawa, ta zarce gefe, ta ɓace. Wani lokaci ta buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba. Ranar da ta buɗe hoton marigayi mijin Madam, ihun da muka ji sai da na soke yatsana da allura.

"Jinin Yesu! Ku zo ku gani! Ban taɓa ba, wallahi ban taɓa ba!"

A cikinmu 'yan haya akwai wata 'yar Binuwai, ma'aikaciyar gwamnati, muna ce mata Anti. Ta leƙa ta yi dariya.

"Madam, ba komai ba ne fa. Alamar mawus ce, abin nan da muke turawa da hannu a kan tebur in muna aiki da kwamfuta. Wani marar waya ne ya haɗu da tabilet ɗinki. Kawo in cire miki yanzun nan."

Madam ta rungume tabilet a ƙirji. "Mawus ɗin yana ina?"

"Ban sani ba, amma dai yana kusa."

"Kin ce da hannu ake tura shi. To hannun wa?"

Anti ta ce a kira ɗan. Aka kira shi, yana cikin hayaniyar Legas, ya ce shi bai bar komai ba, a kashe a kunna. Aka kashe aka kunna, kibiya ta dawo. Daga nan bayanin Anti ya zama shaida a kanmu, don ita da bakinta ta ce akwai hannu, kuma yana kusa.

Madam ba ta je wurin fastonmu ba, ta san zai ce ta je ta huta. Wani mai addu'a ta ɗauko daga Kamazou, mutum mai farin kwat da ƙaramin tawul a wuya, wanda ko gaisuwa zai yi sai ya rufe ido. Ya dubi kibiyar, ya tambaye ta ko tana ciwon kai. Wace mace mai shekarunta ce ba ta ciwon kai? Ta ce tana yi. Ya ce kada a kuskura a cire, in ta cire ta rufe idon da Allah ya buɗe mata. Sannan ya ce a tara duk mutanen gidan ranar Asabar da rana.

Aka jera mu a tsakar gida, aka ɗora tabilet a kan kujera. Ya ce kowa zai fita shi kaɗai har bakin titi ya dawo, a ga wanda kibiya za ta bi. Na so in ja Mama mu koma ɗaki, ta riƙe hannuna ta ce wanda bai yi komai ba me zai ji tsoro. Wani makanike da ke haya a gidan ya fita, kibiya na nan. Mai sayar da burodi ta fita, tana nan. Na fita na dawo, aka ce tana nan. Mama na tsaye da jakarta a baya, jikinta na rawa saboda tsayuwar ta yi mata yawa, kibiyar ma na rawa.

Da aka zo kanta, ta ja ƙafa ta fita. Kibiya ta tsaya cak, sannan ta ɓace. Mama ta dawo tana haki, tana shigowa ƙofa kibiya ta ɓullo.

"A sake," in ji mai addu'a.

Na ce gwiwarta ba za ta iya ba. Madam ta ce gwiwar da ke tashi sama ba ta gajiya. Suka sa ta ta sake, suka kuma sa ta ta sake, cikin rana, tana dafa bango. Mutanen da ta yi wa tsintar shinkafa, waɗanda ta kwashe wa shanya in hadari ya taso, su ne suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar ta. Wani har yana ce mata ta ɗan juyo a ga fuskarta. Na zagi mai addu'a, na zagi farin kwat ɗinsa, na zagi Madam da gidanta. Makanike ya riƙe ni ta baya. Har yau in na tuna, abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda Mama ke cewa "sannunku" duk lokacin da ta shigo, don haka aka koya mata shiga gidan mutane.

Madam ta juyo wurina ta yanke hukunci nan take. "Ke ba ni da matsala da ke. Amma mayyar nan ba za ta ga sabon wata a gidana ba."

Kashegari mata suka fara zuwa karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. In Mama ta ɗebi ruwa a famfo, sai an wanke kan famfon da omo kafin wani ya taɓa. Na shiga unguwar Trikania neman ɗaki. Wani dattijo ya nuna mini ɗaki mai kyau, muka kusa daidaitawa, sai ya ji na ce ni da mahaifiyata ne daga Makera. Ya ciro wayarsa ya nuna mini Mama tana dafa bango, ya ce ko ita ce. Na ce ita ce. Ya ce in yi haƙuri, yana da iyali.

Na ajiye girman kaina na je na durƙusa wa Madam. Na ce ta bari Anti ta cire abin nan kawai, in ya tafi kowa ya huta. Ta ƙi. A nan na gane kibiyar ta yi mata daɗi. Baƙi na zuwa daga nesa don su gani, tana ba su kujera da ruwan sanyi, tana cewa su jira, yanzu tsohuwar za ta fito fitsari. Madam ba ta taɓa samun jama'a a ƙofarta kamar wancan lokacin ba.

Mama ta daina fita sai dole. Ta daina tsinke mini zare, ta ce kada ta taɓa kayan mutane. Wata safiya ina dama mata kunu ta kira ni a hankali.

"Ke, ki gaya mini gaskiya. Ko dai akwai wani abu a jikina da ban sani ba?"

"Haba Mama!"

"An ce wasu ba su san suna da shi ba. Ni ma fa na gani da idona. Ina rawa yana rawa."

Na yi kuka, na yi faɗa, na rantse mata da duk abin da na sani. Ta ce to. Sannan ta ce in nemo mata kuɗin mota, za ta koma gida, ba za ta kashe mini sana'a ba. Na ce wa zai duba ta a can, wa zai sayo mata magani? Ta ce Allah yana ƙauye ma.

Ana gobe za ta tafi na ce jakar nan dai ba za ta bi ta ba, sai na jefa wa Madam kayanta a fuska. Na zazzage kayan Mama a kan katifa, na kama jakar zan naɗe, sai na ji wani abu mai tauri a gindinta. Akwai wani ɗan zif a ɓoye cikin soson bayan, wanda in ba ka lura ba sai ka ce ɗinki ne. Na zuge. Ga shi nan, baƙi, sumul, bai kai sabulun wanka ba, da wata 'yar jar wuta tana ƙyaftawa a cikinsa.

Ban tsaya sa takalmi ba. Na buga ƙofar Anti, ta gani ta dafe kai ta ce, "Yesu! Shi ne." Muka tarar da Madam a baranda da tabilet a cinya. Na ɗora mawus a kan benci na tura shi dama, kibiya ta yi dama. Na tura hagu, ta yi hagu. Na zagaya da shi, ta zagaya. Na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, na ce ga mayyar nan, a cikin jakar ɗanki take, jakar da kika ba uwata da hannunki.

Mutane suka fito suka tsaya. Ba wanda ya ɗaga waya. Makanike ya ce shi dama tun farko abin bai kwanta masa ba, ya koma ɗaki.

Madam ta daɗe tana kallon mawus ɗin. Na ɗauka kunya ce ta kama ta. Sai ta ce, "Ashe kayan ɗana ta ɓoye a jikinta duk tsawon lokacin nan. Ai da kayan mutum ake kama shi." Ta miƙa wa Anti tabilet ba tare da ta dube ta ba. "Cire mini ƙazantar nan."

Anti ta shiga saitin, ta buɗe bulutut, ga sunan mawus a jerin abubuwan da tabilet ya sani. Ta danna shi, ta zaɓi a manta da shi. Ta juya mawus ta kashe ɗan makunnin da ke cikinsa, ta zare batir. Shi ke nan. Na tura shi a kan benci, babu abin da ya motsa. Abin da na durƙusa a ƙasa ina roƙo bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba. Madam ta karɓi tabilet ɗinta ta ce Allah ya yi aikinsa, kuma maganar sabon wata tana nan.

Na koma ɗaki da mawus a hannu. Na zauna gaban Mama na yi mata bayani dalla-dalla: yadda ɗan Madam ya haɗa shi da tabilet da ya zo, yadda ya manta shi a kunne, yadda tafiyarta ke girgiza shi, yadda yake dannuwa in ta jingina da bango. Na ce ta riƙe ta gani, roba ce kawai. Ba ta karɓa ba. Na ce yanzu ba inda za ta je, zan nemi ɗaki ko a ƙarshen Kaduna ne, zan riƙa yawo da abin nan ina nuna wa kowa. Ta ce, "Mutum nawa za ki nuna wa?" Ta ci gaba da ƙulle kayanta a zani.

Da safe na raka ta tasha. Na saya mata maganin da zai kai ta wani lokaci, na roƙi direba ya ba ta gefen taga saboda ƙafarta. Ta zauna da ƙullinta a cinya, ina tsaye a waje ina riƙe da ƙofa, ina ta maimaita mata cewa ba ita ba ce, ta ji ko, ba ita ba ce. Tana gyaɗa kai.

Sai ga wata matashiya da jariri da kaya niƙi-niƙi za ta shiga baya. Ta duba cikin motar, ta ga tsohuwa mai furfura, ta yi abin da kowace uwa ke yi a tasha. Ta miƙo jaririn ta ce, "Mama, don Allah riƙe mini in hau."

Mama ta dubi yaron. Na ga hannuwanta sun ɗago da kansu, sannan ta mayar da su ta cusa a ƙarƙashin ƙullin kayanta.

"A'a, 'yata," ta ce. "Ba wa wata dai."