Sunan da Na Rubuta Sau Biyu

Taubashina maƙeri ne a Unguwar Hajji, cikin ƙasar Karaye. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, don haka tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsokana. Ni na bi allo, shi ya bi masaba. Yakan kira ni malamin da bai iya hura wuta ba, ni kuwa in ce masa bawana. Fartanya da lauje da gatari su ne abincinsa na kullum, amma abin da ya kai labarinsa har Rogo shi ne bindigar mafarauta, doguwar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki.

A gidansu akwai ƙa'idar da ya tarar, bai kuwa taɓa ƙetare ta ba. Bindiga ba ta fita daga maƙera sai da sunan mai ita a jikin katakonta. Kakanmu ne ya kafa wannan, wai don in ta yi ɓarna a san ƙofar da za a yi wa sallama. Tun da hannuna ya faɗa da rubutu aka ɗora mini aikin. Nakan zo da kurtun tawada da alƙalamin kara, in zauna gefen zugazugi, in rubuta sunan mutum da na ubansa da na garinsu da ajami. Shi kuma ya ɗauko siririn ƙarfe daga wuta ya bi sawun tawadar yana ƙonawa. Bai iya karanta abin da yake ƙonawa ba, amma ban taɓa ganin ya ɓata harafi ba.

Idan an ɗebe amfanin gona, mafarautan Karaye da na Rogo sukan haɗu a wani fili bayan gari su gwada saiti. A da abin ba hayaniya. A rataye duma a reshen kanya, mutum ya tsaya, ya yi bisimilla, ya saki harbi ɗaya. Sarkin baka ya duba ya faɗi wanda ya ci. Ladan cin ba ya wuce goro da kirari.

Waya ce ta sauya wasan. Samarin mafarauta suka fara zuwa maƙera suna nuna wa taubashina hotuna masu motsi na wata gasa da ake yi a ƙasashen waje. Ni ma na leƙa na gani. Mutane ne da tabarau da abin toshe kunne, kowa da ƙaramar bindiga, suna gudu tsakanin faifayen ƙarfe. A tsaya a harba, ƙarfe ya yi ƙara, a ruga gaba, wani yana biye da su yana auna lokaci. Bindigogin kuma ba irin na kanti ba ne. Kowa an ƙera masa tasa daidai tafin hannunsa. Wata an ɗora mata ɗan gilashi mai jan ɗigo a ciki, wata an huda jikinta don ta rage nauyi, wata kunamarta ko numfashi aka yi mata sai ta tashi, in ji samarin.

Taubashina ya kalla har sau uku, bakinsa a buɗe.

"Malam, ka ga aiki," ya ce. "Wannan maƙerin uwarsa ta yi masa addu'a."

Daga wannan kaka samari suka daina rataye duma. Suka jera gwangwanaye a kan kututture, suna gudu suna harbi, ana auna su da waya. Doguwar bindiga ba ta da amfani a irin wannan wasa, kafin ka ɗura ta wani ya gama ya sha ruwa. Sai suka fara roƙo a rage musu tsawo. Shekarar farko taki ɗaya aka rage. Ta biyu aka ƙara. Taubashina ya ƙirƙiro wata dabara tasa: yakan cura yumɓu ya miƙa wa mutum ya ce ya damƙe, sannan ya shanya curin, ya sassaƙa mariƙin bindigar daidai da sawun yatsun. Wanda duk ya riƙe irin wannan sai ya ce kamar da ita aka haife shi.

Na tambaye shi wata rana, "Bawana, wace dabba ake farauta da bindigar da ke shiga aljihun riga?"

"Gwangwani," ya ce. "Kai dai rubuta suna. Da an bar ka da alƙalaminka, da har yanzu da sanda muke korar birai."

Na yi dariya, amma raina bai kwanta ba. A shekarun nan labaran da ke zuwa daga yamma ba masu daɗi ba ne. Ana tare hanya, ana kore shanu, mutane sun daina dawowa daga kasuwa bayan la'asar sakaliya. Na faɗa masa hukuma ta san da doguwar bindigar maharbi, gajeriya kuwa wata magana ce. Ya ce duk wanda ya yi wa ya san gidansa, kuma suna yana jiki.

Baƙon ya zo wata ranar kasuwa bayan azahar, ina zaune a maƙera. Ya kafe babur a inuwa, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe mu gaisuwar da ta fi ta 'ya'yanmu cika. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙarshen damina. Mutum ne tsaka-tsaki, rigarsa wankakkiya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce shi maharbi ne daga wajen Gwangwan, yana son shiga gasar bana. Ya fito da waya ya nuna irin wadda yake so. Ta fi duk wadda taubashina ya taɓa yi gajarta.

"Baba, a yi mata kunama mai taushi," ya ce. "Kada ta yi gardama."

Taubashina ya cura yumɓu ya ba shi. Ya damƙa a hankali, ya daɗe bai saki ba. Da taubashina ya buɗe baki zai yi masa bayanin ƙa'idar gidan, sai ya riga shi.

"Ai na san al'adarku, Baba. Sai da suna." Ya juyo gare ni. "Allah gafarta Malam, a rubuta."

Ya faɗi suna, da sunan uba, da ƙauye, sannan ya ƙara da cewa, "na bakin rafi." Na rubuta a 'yar takarda na sa a aljihu. A lokacin ban ji komai ba. Sunaye irin namu ne, ana samun goma a gari ɗaya. Suka yi alkawarin ya dawo bayan kasuwa uku.

Taubashina ya ba aikin nan zuciyarsa. Manoma suna kawo lauje yana cewa su dawo jibi. Ya zaɓi ƙirya mai duhu ya sassaƙa mariƙin, yana gwadawa da curin yumɓu, yana gogewa, yana sake gwadawa. Ranar da ya aiko a kira ni, hantsi ne. Ya ɗora mini ita a cinya kamar jaririya.

"Ka yi rubutu mai kyau, kada ka yi mini tafiyar kaza a kai."

Na tsoma alƙalami na fara. Sunan ya tafi, sunan uba ya tafi. Da na zo kan "na bakin rafi" sai na ga hannuna yana gudu, kamar mai bin hanyar da ya saba. Na ɗaga alƙalamin. Na taɓa rubuta wannan jerin, daidai haka, a kan katako.

Shekaru da dama da suka wuce, mafarauta biyu daga ƙauye ɗaya suka kawo aiki a wata guda, sunansu ɗaya, sunan iyayensu ɗaya. Don kada bindigogin su rikice, na tambayi ɗayan inda gidansa yake, ya ce kusa da rafi. Ni da kaina na ƙara masa waɗannan kalmomi. Ba wanda yake kiransa haka a garinsu, ko matarsa. A jikin bindigarsa kaɗai suke. Mutumin nan kuwa, Allah ya jiƙansa, damina biyu ke nan da aka tsinci gawarsa a hanyar gonarsa. Na je ta'aziyya, domin dangin matata ne na nesa. A wurin na ji ana cewa ba a ga bindigarsa ba.

"Me ya faru?" in ji taubashina. "Tawada ta ƙare, ko ilimin?"

Na faɗa masa. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Ya tsaya da ƙarfen ƙona suna a hannunsa har jansa ya mutu.

"Ko ɗan'uwansa ne," ya ce.

"Ɗan'uwa da sunan kansa zai zo."

"Ko ya saya ne a hannun wani."

"To me ya hana shi faɗin sunansa? A jikin aikinka ya karanta wannan, ya kuma gane inda ake yin irinta."

Ya karɓi bindigar daga cinyata ya juya ta. Ban taɓa ganin ya yi abu mai kyanta ba, shi ma ya sani. Ya ce in ya hana, mutumin ya san maƙera, ya san gida. In ya bayar, duk wanda aka nuna wa bakinta da hannunsa aka nuna masa. Na ce ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan. Can sai ya cire mariƙin ƙiryar ya jefa cikin gawayi, ya kama ƙarfen da awartaki ya tura wuta, ya ce in ja masa zuga. Ranar ce kaɗai na hura wuta a maƙerar nan bai yi mini ba'a ba. Ya yi ta duka a kan uwar maƙera har abin ya zama faffaɗan ƙarfe marar kama.

Da yamma muka je muka shaida wa mai unguwa da sarkin baka. Aka shirya ranar alkawari mafarauta za su zo su zauna a maƙera kamar masu jiran gyara.

Mutumin ya zo saura kwana biyu ranar alkawari ta cika. Rana tsaka, mutane duk suna masussuka, daga ni sai taubashina. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwarsa cikakkiya. Ya ce hanya ce ta biyo da shi.

"Aikin bai yi ba," in ji taubashina. Ya nuna masa ƙarfen da ƙafa. "Ga shi nan."

Baƙon ya ɗauka, ya duba gaba da baya. Ya dubi kurtun tawadata, ya dube ni. Ban sauke idona ba, amma carbin da ke hannuna ya tsaya.

"Ƙarfe yakan yi haka," ya ce. "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Taubashina ya ɗauko kuɗin da baƙon ya bayar na kafin alƙalami, ya haɗa da curin yumɓun ya miƙa masa. Baƙon ya karɓi kuɗin. Yumɓun kuwa ya mayar da shi kan katangar maƙera, ya gyara masa zama da yatsa.

"Wannan a ajiye mini, Baba. Hannuna ne. In na dawo ba sai an sake awo ba."

Ya yi mana sallama, ya tambayi hanyar da ta fi kyau zuwa ƙauyen Yola na kusa da mu, alhali ta nan ya shigo. Muka ji ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace.

Ranar alkawari mafarauta suka zo suka wuni, ba wanda ya zo. Taubashina ya tattara kayan aikin bindiga ya kai gidan mai unguwa ya ce a riƙe. Samari suka yi ta zarya, ya ce idonsa ya raunana. Tsofaffin mafarauta ma da suka kawo doguwa gyara ya mayar da su. Ya ce sunan da muke rubutawa don a san mai ɓarna shi ne ya jawo mai ɓarna har ƙofarsa. Na ce ba laifin sunan ba ne. Ya ce ya sani.

Kakar bara na je kallon gasa ni kaɗai. Na ga gajerun bindigogi a hannun samarin da ban san iyayensu ba, an ce daga wani wuri ake kawo su. Na karɓi ɗaya na juya. Mariƙinta an kwaikwayi sassaƙar taubashina, amma katakon fes yake, ba harafi ko ɗaya.

Curin yumɓun yana nan kan katanga. Na ce ya fasa shi, ya ce in mutumin ya dawo ya tarar babu, me zai ce masa? Na ce to ya kai wa mai unguwa, ya ce amsar ɗaya ce. Damina ta zo ya kifa masa tsohuwar ƙwarya. Har yanzu ina zuwa in zauna gefen zugazugi, ba tawada, yana ƙera fartanyarsa muna taɓa hira. In babur ya rage gudu a bakin hanya, masaba takan tsaya a sama, ni ma in yi shiru, har sai mun ji muryar mai sallama.