Gwangwanayen Madara da Mudun Gyaɗa

Duk wanda ya ce a kan kwamfuta muka koyi rubuta manhaja, rabin gaskiya ya faɗa. Kwamfutar dai akwai ta, guda ɗaya tilo, a shagon wani bawan Allah mai buga takardu a bayan tashar Karaye. Wuta ce babu. In an kawo ta da hantsi, kafin ka cire takalmi an ɗauke. Janareta kuwa mai shagon ba ya tayar da shi sai in wani ya zo buga katin biki. Saboda haka yawancin karatunmu a kan tabarma muka yi shi, a gindin darbejiyar da ke ƙofar shagon.

Mu uku ne. Ni daga Tudun Kaya nake zuwa a keke. Akwai ɗan Kwanyawa, mai saurin hannu da saurin baki, wanda ba a taɓa ganin muƙamuƙinsa a zaune ba, in ba magana ba to tauna. Sai Bafulatanin Yammedi, dogo mai shiru-shiru, wanda da kyar da jiɓin goshi mahaifinsa ya sake shi daga bin shanu. Da yake kakata Babarbariya ce, tun ranar farko na sanar da shi cewa shi bawana ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi dai bai taɓa jin inda bawa ya mallaki bawa ba. Daga nan muka ƙulle.

Wani ɗan bautar ƙasa ne ya ɗora mu a kan hanya, ya gama shekararsa ya tafi, ya bar mu da ƙishirwa. Sai muka ƙago namu salon. Manhaja ba komai ba ce illa jerin umarni da ake rubuta wa kwamfuta layi-layi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mukan rubuta layukan da alli a jikin ƙofar ƙarfen shagon. Duk wurin da manhajar za ta ajiye wata lamba, sai mu ba shi gwangwanin madara guda, mu rubuta sunansa a jiki da jan fenti. Ni ke kawo mudun gyaɗa daga gida. Mutum ɗaya ya miƙe yana karanta layi da ƙarfi, Bafulatanin kuma ya tanƙwashe ƙafa a gaban gwangwanayen, shi ne kwamfutar. In layi ya ce a ƙara ɗaya, ya jefa ƙwaya ɗaya. In ya ce a kwashe, ya juye. In ya ce a koma sama, mu koma sama.

Ban taɓa ganin kwamfuta marar imani irinsa ba. Yana sane sarai da abin da kake son cewa, amma ba zai taimake ka ba ko za ka mutu.

"Haba, ai ka san abin da nake nufi!" in ji ni, rai a ɓace.

"Ni ban san nufi ba," in ji shi. "Abin da ka rubuta nake yi."

Wata rana na rubuta umarnin a yi ta ƙara ɗaya ana komawa sama, na manta ban sa inda za a tsaya ba. Ya yi ta jefa gyaɗa har gwangwanin ya cika ya tumbatsa, bai ɗago ba. Aka kira la'asar, yana jefawa. Sai can ya ce, "Kai bawan nan, rubuta mini inda zan tsaya, ina son in yi salla." Mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara yin wannan kuskuren ba.

Aikin farko da muka samu na wani mai kemis ne, yana son manhajar da za ta riƙa nuna masa maganin da ya rage a shagonsa. Muka rubuta, muka bi ta da gyaɗa, lissafi ya ƙi fita. Kullum sai a sami giɓi. Muka goge muka sake, muka yi kwana da kwanaki muna zargin juna, har na fara tunanin ko sana'ar ce ba ta karɓe ni ba. Ana cikin haka Bafulatanin ya tsaya cak, ya zuba wa ɗan Kwanyawa ido. Bakin ɗan Kwanyawa na motsi. Ashe duk lokacin da muka juya muna duban ƙofa, sai ya kai hannu gwangwani, shi kansa bai san yana yi ba. Manhajarmu lafiyarta ƙalau tun ranar farko, kuskuren yana cikin ɗan Kwanyawa.

Da muka girma kowa ya kama gabansa. Ɗan Kwanyawa ya koma Rogo yana koyar da kwamfuta a wata makaranta. Ni na tsaya ina yi wa masu shaguna da makarantu ƙananan ayyuka. Bafulatanin, da yake ya fi mu kai, wani kamfani a Kano ya ɗauke shi, yana yi musu aiki daga gidan da ya kama haya a Karaye, lokaci-lokaci ya leƙa birni. Duk da kowa ya mallaki kwamfutarsa, ba mu yar da gwangwanayen ba. In aiki ya cije wa ɗayanmu, sai ya kira gayya, kamar yadda iyayenmu ke yi in noma ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ƙa'idar ma iri ɗaya ce, mai gayya shi ke ciyarwa. Gayyata kunun gyaɗa ce da ƙosai. Ta Bafulatanin kuwa fura da nono mai kauri, har nakan yi addu'a a ɓoye Allah ya sa aikinsa ya cije.

Sai ƙirƙirarriyar basirar nan ta zo, wadda kake gaya wa abin da kake so da bakinka, ta zubo maka layukan. Ba zan yi munafunci in ce na ƙi ta ba. Ranar da na fara gwada ta, kafin ruwan shayi ya tafasa ta rubuta mini abin da da sai na yi mako ina fama. Na yi hamdala, na kira su biyun ina ihu a waya. Abin da ban lura ba shi ne, daga wannan shekarar ba wanda ya ƙara kiran gayya. Wa zai tara mutane ya dama musu fura alhali amsa na cikin aljihunsa? Muka koma gaisuwar waya da haɗuwa wurin suna.

Bayan kakar bara, ina zaune a ƙofar gida ana ta ɓare gyaɗa, sai ga Bafulatanin a babur. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jikin Baffa, ya shanu. Na ce yau bawa ya tuna da ubangidansa. Bai rama ba. Nan na san da magana.

Ya ce kamfaninsu zai rage masu rubuta manhaja, tunda abin da mutum biyar ke yi a da yanzu ɗaya na yi da basirar. Za a yi musu jarrabawa, wanda ya ci ya zauna. Kuma ya ji ƙishin-ƙishin cewa ba za a bar kowa ya taɓa basirar ba, za a ga wanda har yanzu ke da abin a kansa.

"To ai kai an gama," na ce. "Wa zai ja da kai?"

"Na gwada jiya," ya ce. "Na rufe ta na zauna in rubuta ɗan abin da da nake yi ina hira. Wallahi hannuna ya tsaya. Na san na sani, amma na rasa inda na ajiye shi."

Na san abin da ke bayan maganar. Ranar da mahaifinsa ya sake shi, ya gaya masa a gaban 'yan'uwa cewa duk ranar da aikin boko ya ƙare, sandarsa na nan a jingine. Yanzu tsohon ƙafa ta ƙi, garken na neman mai tsayawa. In ya faɗi jarrabawar ba wani wurin da zai nufa, don ƙananan ayyukan da mutum kan fake a cikinsu kafin ya sami babba, su basirar ta fara lashewa. Zai kwashe iyalinsa daga Karaye ya koma ruga, ya ajiye abin da ya ba rabin rayuwarsa.

"Gayya nake kira," ya ce, yana kallon ƙasa.

Muka koma gindin darbejiyar. Shagon ya zama wurin cajin waya, mai shagon ya yi furfura, amma da ya gan mu da tabarma da mudu sai ya shiga ciki ya fito da buhun gwangwanayen. Ashe ya adana su. Fentin ya dushe amma ana karanta shi.

Zaman farko abin kunya ne. Ni na yi ta in'ina a gaban ƙofa da alli a hannu. Ɗan Kwanyawa da an ɗan cije sai ya zura hannu aljihu, har sai da mai shagon ya ƙwace wayoyinmu ya kulle a durowa. Amma abin da ya fi taɓa ni daban ne. Na rubuta wani layi ba daidai ba, Bafulatanin ya jefa ƙwayar a gwangwanin da nake nufi, ba wanda na rubuta ba. Sai da muka wuce ya farga. Ya daɗe yana kallon hannunsa, ba wanda ya yi dariya.

Muka ci gaba da haɗuwa duk Asabar da Lahadi, ɗan Kwanyawa na tahowa tun daga Rogo. A hankali abin ya fara dawowa. Matar Bafulatanin na aiko da fura a ƙwarya, masu jiran caji na tsayawa kallonmu, manya da gemu suna wasa da gwangwani. Ban damu ba. Rabon da in ji daɗi irin na waɗannan makonni har na manta. A zaman ƙarshe na ɗana wa Bafulatanin tarko da gangan, na ɓoye kuskure a tsakiyar layuka masu yawa. Ya bi su tiryan-tiryan, ya zo wurin ya tsaya, ya ce, "Ni ban san nufi ba." Muka yi ta tafi kamar yara. Na ce masa ya je, Kano ta yi masa kaɗan.

Ya tafi ranar Talata, ya dawo Laraba da yamma, ya same ni a gindin bishiyar.

Ashe ƙishin-ƙishin ɗin ƙarya ne. Basirar suka buɗe wa kowa, suka ba da aiki mai yawa da lokaci kaɗan, suna son ganin wanda ya fi iya kora ta da sauri. Ya gaya mata abin da ake so, ta zubo layuka. Maimakon ya karɓa ya wuce gaba, sai ya tsaya yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana jefa gyaɗa a zuci.

"Na san lokaci na tafiya," ya ce. "Amma hannun da muka tayar ya ƙi ya miƙa abin da bai bi da kansa ba. Da watan jiya ne, da tuni na danna na wuce."

Aka ce a tsaya yana rabi. Yaran da ke gefensa sun gama har suna miƙa. Ya ce an yi masa magana mai daɗi, an ce rabin nasa ba inda za a sa allura, amma cikakke ake nema.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zagi kamfanin, na zagi wanda ya kawo jita-jitar, na ce mun ɓata makonni muna wasa fartanya ashe tarakta aka kira. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Bari, bawan nan. Gara in bar sana'ar ina iya ta." Har yau ban sani ba ko haka yake a ransa, ko don ya sanyaya mini ne.

Kafin damina ya kwashe ya koma Yammedi. Ni ina nan ina lallaɓawa da 'yan ayyukana, da basirar nake yi, ba zan ɓoye ba. Tana da ladabi, tana gane nufina tun kafin in gama faɗa, ba ta taɓa cinye mini gyaɗa ba. Sai dai in na gama aiki ba wanda nake juyawa in kalla.

Kwanan baya na kai masa ziyara. Na tarar ya fita da shanu, matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta ce in jira. Ina zaune tana auna geron fura, sai na ga abin da take awon da shi. Ɗaya daga cikin gwangwanayenmu ne, da rubutun hannuna na jan fenti a jiki. Ta ga ina kallo, ta ce shi ya zo da su, ya ce a yi amfani da su kada su yi tsatsa.

Da ya dawo, sanda a kafaɗa, ƙafa duk taɓo, muka gaisa muka sha fura. Na yi niyyar in ce masa akwai wani aiki da ya cije mini, ko zai duba. Ƙarya ce, ba abin da ya cije mini, yanzu ba abin da ke cije wa kowa. Sai na tambaye shi lafiyar maruƙa.